Bulon da Na Mayar a Dungurum

Bazara ce, irin wadda hadari ke haɗuwa a gabas kullum da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, a kwashe shanya, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Rijiyar gidan Baba da ke Ƙofar 'Yandaka ta ja baya har sai da muka ƙara wa guga igiya sau biyu. Shekarar duk haka ta kasance mini, ana jiran abu yana ta matsowa bai iso ba. Tun watan azumi Baba yake kwance. Idonsa ya riga ya tafi shekara shida kafin nan, sai kuma ƙafafu suka bi. Innarmu ta daɗe da rasuwa, don haka mahaifinku ya ce in koma can in yi jinyarsa, shi zai riƙa cin abinci a shagon ɗinkinsa a Babbar Kasuwa. Allah ya jiƙan Malam, bai taɓa yi mini gorin wannan ba.

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka tashi kuna ji game da shekarar nan. Kun ji Kawunku Sani yana faɗa a wurin suna, a wurin biki, har a wurin zaman makoki, cewa Yayarku ce ta hana kakanku abin da ya roƙa a ƙarshen rayuwarsa, wai boko ya cinye mata tausayi. Kun ji, kun dube ni, na sunkuyar da kai, kuka ɗauka gaskiya ne. Shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu. Hannuna ba ya sauri, a ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu ina da 'ya'ya huɗu, amma zan bi a hankali har in kai. Za ku ga ina ta cewa Yayarku. Kun san dalili. Ita ce 'yar fari, bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, ban taɓa tare mata faɗa ba. Haka aka rene mu, haka muka ga iyayenmu suna yi. Da aka yaye ta ma gidan Baba aka kai ta, a can ta girma.

Sai na fara da kakana, Idi Magini, wanda ko Baba bai taɓa ganinsa ba. Gidanmu gidan magina ne tun kaka da kakanni. Lokacin da Turawa suka kafa babban barikinsu a Dungurum, garin da yanzu ake kira Zungeru, an zo unguwa an ce kowane gidan magina su ba da mutum ɗaya a tafi da shi aikin gini. Ba tambaya aka yi ba. Idi ne ƙarami a cikin maza, shi aka bayar. Ya tafi ya bar kakarmu Tasalla da ciki wata biyar, aka ce bayan kaka zai dawo. Waɗanda suka tafi tare wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Cikin waɗanda suka dawo wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi, wani ya ce a'a, ya gan shi da wata Banufiya, ya yi gida a bakin kogi. Da aka haifi Baba, dangi suka so a riƙa kiransa Audi, kamar yadda ake kiran yaron da ubansa ya rasu kafin haihuwarsa. Tasalla ta ce wanda ya kira mata ɗa da wannan suna sai ya nuna mata kabari. Ba wanda ya nuna. Haka Baba ya girma, shi ba maraya ba, shi ba mai uba ba.

Abu ɗaya ya gada daga ubansa, shi ma ta hannun baffanninsa. A gidanmu, tubalin farko da magini ya mulmula da safe ba ya ajiye shi haka nan. Zai yi bismilla, ya ja yatsu uku a cikinsa tun yana ɗanye, sannan ya danna babban yatsa a ƙarshen layin tsakiya. Tubali ɗaya tak a yini. Ba ado ba ne, ba kuma don wani ya gani ba, don kuwa yaɓe zai rufe shi. Baba ya ce mini baffansa ya taɓa marinsa don ya manta rana ɗaya. Ni da nake mace ba a koya mini gini ba, amma ina kai masa fura wurin aiki, na sha ganin yana yi.

Yayarku ta yi karatun tono kayan tarihi a jami'a. Mu dai dariya muke yi, a ce mutum ya yi shekara huɗu yana koyon haƙa rami. A bazarar nan malamarta ta ɗauke ta aiki a kufan barikin Dungurum. Wata ranar Alhamis sai ga ta da jakarta, ta yi baƙi, ta rame, ta shige ɗakin Baba tana haki kamar an biyo ta.

"Tsoho, kana nan ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar ma wa ke? Amarya ta tahi yawon haƙar gara ta bar ango da yunwa. Mi kika kawo mani?"

"Labari na kawo maka. Ba ni hannunka."

Ta kama tafin hannunsa, ta ja yatsu uku a kai, ta danna babban yatsa a ƙarshen na tsakiya. Ina tsaye da kwanon koko, na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"A ina kika ga wanga?"

Ta ce sun tono wurin da ake gasa jan bulo a bayan barikin. Bulo ɗaruruwa, yawancinsu ba komai a jiki, wasu da shatin yatsu barkatai. Amma guda ɗaya, rabinsa ya karye, yana da layi uku da ɗigon babban yatsa, daidai yadda ya koya mata tana ƙarama suna wasan ƙasa a tsakar gida. Ita da kanta ta share shi da buroshi. Ta ce ta ɗauki hotonsa, in an wanke za ta kawo.

"Hoto," in ji Baba. "Ki kawo ma makaho hoto. Shi bulon yana ina?"

"Yana sito, Kaka. An sa masa lamba. Ba a fitar da shi."

Yaya Sani yana bakin ƙofa yana jin su. Ya yi tsaki, ya ce guntun bulo ne fa, ba zinariya ba. Ranar Baba bai sha kokon ba. Da dare ya kira ni, ya ce in zauna kusa.

"Dije, ban ce a samo mani kabari ba, na daina wanga tunani tun ina da ƙarhi. Abin da hannunshi ya taɓa nike so in taɓa. Yarinya ce, ba za su ji maganarta ba. Ke ki tahi. Ke babba ce, za su ji kunyarki."

Ban taɓa wuce Funtuwa ba a rayuwata. Na ce to. Matar Yaya Sani ta karɓi jinya na kwana uku, Malam ya ba ni izini, ranar Asabar da sassafe muka hau mota ni da Yayarku. Muka canza a Funtuwa, muka bi ta Birnin Gwari, lokacin hanyar ana binta ba fargaba, muka sake canzawa a Tegina. Tun daga nan ƙasar ta zama wata iri, itatuwa manya, zafi mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya. Duk hanya ina lissafin cewa wannan tafiyar da mota ta yi a yini ɗaya, Idi da ƙafa ya yi ta. A ɗakin da aka kama wa 'yan matan aikin na kwana.

Da safe ta ce kafin malamar ta fito bari ta zaga da ni. Ni a zuciyata gari nake tsammani, ko da rusasshe ne. Abin da na gani ciyawa ce da ginshiƙan jan bulo a tsaye jefi-jefi, ba rufi, ba bango, kamar haƙoran tsoho. Nan matakala ce da ke hawa ba ta kai ko'ina ba. Can murhu ne da itace ta tsiro a cikinsa. Yayarku tana nunawa tana faɗa: nan gidan Gwamna, nan ofis, nan inda suke taruwa su sha abin shansu da yamma. Ta ce shekarun da suka yi a wurin ba su kai ashirin ba suka kwashe suka koma Kaduna. Na tsaya na dafa wani ginshiƙi. Ginin ya yi kyau, layin ya miƙe, ba inda ya karkace. Na ce a raina, an raba mutum da matarsa da ɗan da ke cikinta don a gina abin da masu shi za su tashi su bar wa ƙadangaru.

Daga nan muka je maƙabartar Turawa. An kewaye ta, akwai ƙofa, akwai wani dattijo mai gadi da ke share ta. Kowane kabari da dutsensa, kowane dutse da rubutu. Na tsuguna ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana a aji. Sunayen ba su faɗuwa a bakina, amma na karanta lambobin. Da yawansu samari ne, wasu ba su kai Yayarku ba. Ban ji daɗin mutuwarsu ba, su ma uwa ta haife su. Muna nan sai ga wata mota ta kawo wani Bature mai furfura da takarda a hannu. Ya nuna wa mai gadi, mai gadi ya kai shi layi na biyu, kabari na huɗu. Ko minti biyar ba a yi ba. Ya cire hula, ya tsaya, ya ajiye 'yan furanni. Yayarku ta ce mai kabarin ɗan'uwan kakansa ne.

Da ya tafi na gaida mai gadin, muka gaisa sosai, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Katsina. Na ce, "Baba, su kuma waɗanda suka yi ginin, ina aka sa su?"

Ya ɗaga sandarsa ya zagaya da ita wajen gabas, inda wata gonar rogo ta miƙe har gangaren kogi.

"Hajiya, ana dai cewa ta can. Masu noma kan ci karo da ƙashi, su mayar su rufe. Wa ya sani, ko Bahaushe ne, ko Banufe, ko Bagware."

Kada ku ce ina kishin dutse. Mu ma ba ma rubuta suna a kabari, na Innarmu ma ba rubutu. Amma an yi mata wanka, an yi mata sallah, maza sun raka ta, akwai wanda zai nuna maka wurin. Na tsaya a bakin gonar rogon nan na karanta abin da na iya, ban san ko ina fuskantar kakana ko na ba shi baya ba.

Wurin tonon yana bayan wani tudu. An ja igiyoyi an yanka ƙasa gida-gida kamar fangalin albasa, samari da 'yan mata a tsugune da ƙananan cokulan gini, wasu suna tankaɗe ƙasa a rariya. Ni 'yar magini na ga abin mamaki, mutum ya yini a kan abin da Baba zai kwashe da shebur uku. Malamar tasu, da suke kira Dakta, mutuniyar Filato ce, doguwa, da hular kaba. Ta rusuna ta gaishe ni da Hausa mai kyau, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa.

"Mama, kin haifi yarinya. Shekarata goma sha biyu ina wannan aiki ban ga mai ido irin nata ba. Mukullin sito ma ita na ba, ko ni sai na roƙe ta."

Na kau da kai kamar ban ji ba, na ce ai yara sai addu'a. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni, tun daga Idi har zuwa makantar Baba. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce aro nake so, kwana bakwai, in kai ya taɓa in dawo da shi da kaina.

"Mama, da nawa ne, da na naɗe miki shi yanzu. Duk abin da ya fito daga ƙasar nan aka sa masa lamba ya zama na hukuma. Sai an rubuta takarda zuwa babban ofis. Zan rubuta yau ɗin nan, in sa hannu."

"Kwana nawa amsa take yi?"

Ta ce, "Wata uku, in an yi sa'a. Ba za a iya kawo shi Baban ba?"

Na ce mutumin da sai an juya shi a kan tabarma. Ta ce wa Yayarku ta kai ni sito in gan shi, in riƙe shi iya son raina. Ita kuma ta juya ta koma bakin ramin, ba ta biyo mu ba.

Siton wani ɗakin kwano ne, ciki kamar tanda. Katakai jere da kwalabe, maɓallan riguna, fasassun tangaraye, wani cokali da aka ce daga gidan Gwamna ya fito, an shimfiɗa masa auduga. Bulon yana ƙasa cikin kwali. Yayarku ta ɗauko ta ɗora mini a hannu. Bai kai nauyin da na zata ba. Ga layi uku, na tsakiya ya fi zurfi, ga gurbin babban yatsa har da shatin farce. Na sa yatsuna a ciki, suka yi iyo, hannun mai shi ya fi nawa girma nesa. Ban san lokacin da na ce bismilla ba. Wata safiya, mutumin nan ya tashi a ƙasar da ba tasa ba, an ba shi akwatin katako ya zuba ƙasa a ciki maimakon ya mulmula da hannu yadda ya iya, ba wanda ya san gidansu, amma bai fasa yin abin da ubansa ya koya masa ba. Ko Idi ne, ko wani daga zuriyarmu, Allah ne ya sani. Ni dai jikina ya ba ni.

Ku karanta abin da ke biye da kyau, don saboda shi na sayi littafin nan.

Yayarku ta leƙa waje, ta jawo ƙofa, ta rage murya.

"Inna, ki sa shi a jakarki."

Na dube ta.

"Ki sa kawai. Ni zan fita in tsaya a waje, ban ga komai ba. Kaka ba zai kai wata uku ba, ni da ke mun sani."

"In aka nema fa?"

"In aka nema ni za a tambaya. Ki bar ni da su."

Ta fita. Na kwance ɗankwalin da ke cikin jakata na naɗe bulon, na tura shi ƙasa, na ɗora carbi da goro a kai. Na kai har bakin ƙofa. Ta tsakanin ƙyauren na hango ta tsaye a rana ta ba ni baya, mukullin yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi, hannunta ɗaya yana riƙe da shi gam. Na tuna lambar da ke gefen bulon da farin fenti, rubutunta ne, na san yadda take lanƙwasa bakwai. Tun da safe ɗaya daga cikin 'yan matan ta ba ni labarin wani lebura da aka samu da maɓalli ɗaya a aljihu, aka kore shi, har 'yan sanda suka shigo maganar. Na tuna matar nan da ta ce ko ita sai ta roƙi mukulli. Yarinyar da ban taɓa yaba wa ba, wata ta yabe ta a gabana, ni kuma zan saka mata da a kira ta ɓarauniya. Ta ɗaya gefen ga tsoho kwance yana ƙirga kwana uku da yatsunsa.

Na koma na kwance ɗankwalin. Na mayar da bulon cikin kwalinsa, na gyara masa zama. Ba wanda ya karɓe shi daga hannuna. Ba wanda ya ce in mayar.

Da na fito ta dubi jakar, ta dubi fuskata, ta gane.

"Inna, don Allah."

"Kulle ɗakin mutane," na ce.

Ta roƙe ni a bakin siton, ta roƙe ni a tasha. Da ta ga na ƙi, ta koma ta nemi izinin Dakta ta biyo ni, ta ce ba za ta bar ni in shiga ɗakin Kaka ni kaɗai ba. Abin da na ɗauko daga Dungurum ƙasa ce cike da leda, daga bakin gonar rogon nan, ita ba mai lamba ba ce.

Mun iso Katsina ranar Litinin bayan la'asar. Ɗakin Baba cike, Yaya Sani da matarsa, gwaggonninmu biyu, da maƙwabta da suka ji an tafi ɗauko abin Idi Magini. An jingina shi da bango, an sa masa farar riga. Tun kafin in gama sallama ya miƙo hannu biyu, tafin a sama.

"Dije, kin iso? Kawo."

Na durƙusa na ce na gan shi, Baba, na riƙe shi, alamar gidanmu ce ba shakka. Hannayen suna nan a miƙe.

"Yana ina?"

"Yana can."

Ya daɗe bai sauke su ba. Sai Yaya Sani ya juya kan Yayarku da ke rakuɓe a bakin ƙofa.

"Ke ce ko? Mukulli a wuyanki, kin hana. Tsohon da ya goya ki, ya ci da ke, guntun bulo ya fi shi a wurinki. To ki jiƙa bokon ki sha."

Ta ɗago kai. Ta dube ni. Duk ɗakin aka dube ni. Maganar tana bakina, gajeriya ce: ba ita ba ce, ni ce. Amma ga gwaggonni, ga maƙwabta, ga Baba, a ce Dije ta buɗe baki tana wanke 'yar fari a gaban iyaye. Tun ina yarinya aka nuna mini wannan rashin kunya ne. Na ce a raina bari mutane su watse, zan faɗa wa Baba mu biyu. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai tsoro a ciki. Na ga yadda fuskar Baba ta rufe, ban so ta rufe a kaina ba. Na sunkuyar da kai. Wata gwaggo ta ce, "Allah sarki, uwar ma kunya ta hana ta magana." Baba ya sauke hannunsa, ya ce a kwantar da shi, ya juya wajen bango. Bai ƙara kiranta amarya ba.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Na samu mu biyu sau da yawa, kullum in ce gobe, in ya ɗan ji sauƙi. Amsar takardar Dakta ta zo bayan an yi arba'in, wai ana duba maganar. Ƙaninku Nura ya taɓa zuwa gidan tarihin da aka kai kayan, ya ce ya ga kwalabe da maɓallai da cokalin Gwamna a cikin gilashi, bai ga bulo ba. Yayarku ta yi aure a Jos, ta zama abin da ta zama a aikinta. Tana aiko mini da duk abin da uwa ke so, tana kira ranar Juma'a, amma rabonta da kwana a Katsina tun shekarar nan. Ba ta taɓa tona ni ba, ko ga mijinta. Ni da na mayar da bulo don kada a kira ta ɓarauniya a cikin baƙi, na bari aka kira ta mara tausayi a cikin danginta shekara ashirin da wani abu. Kunya na kira abin, kuma kowa ya yaba mini.

To ga shi da hannuna. Binta ba ta hana ba. Binta ce ta ce in ɗauka. Na rubuta sunan sau biyu, alƙalamin bai karye ba. Ku karanta wa Kawunku Sani tun yana da sauran ji.

Washegarin dawowarmu, bayan sallar asuba, ta ɗauki jakarta za ta koma bakin aiki. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ta yi sallama, bai amsa ba. Na raka ta har zaure. Ta tsaya tana gyara igiyar jaka da ba ta kwance ba, tana jira. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin, ta fita.

Na dawo tsakar gida na zazzage ƙasar Dungurum a kan faifai, na ɗebo ruwa a rijiya na kwaɓa. Ban taɓa yin tubali ba, ya fito a karkace. Na yi bismilla, na ja yatsu uku, na danna babban yatsa. Na kai wa Baba tun yana ɗanye, na kamo hannunsa na ɗora a kai. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ya kai gurbin, ya tsaya a nan.

"Wanga hannunki ne, Dije," ya ce. Ya zare hannunsa ya goge a riga.

Na fito da shi na ajiye a kan katanga inda rana ke fara bugawa. Yana nan cikin tsohuwar kwallata, naɗe a ɗankwalin nan. Wanda zai kai wa Binta littafin nan, ya haɗa da shi.